Lynch, Garin da Kamfani Ya Gina a Bakin Ramin Kwal

A gindin Black Mountain, dutsen da ya fi kowane tsawo a jihar Kentaki ta Amurka, akwai wani ɗan gari mai suna Lynch, cikin gundumar Harlan. A 1917 kamfanin US Steel ya gina shi tun daga tushe, saboda kwal ɗin da ke kwance ƙarƙashin duwatsun nan, wanda masana'antunsa na ƙarfe ke bukata. Jama'a suka yi ta kwararowa: baƙar fata daga Alabama, 'yan ci-rani daga Italiya da Hungari da Polan. A shekarun 1940 mazauna garin sun kai wajen 10,000.

Gida na kamfani, asibiti nasa, kanti nasa, har masu tsaro nasa ne. A garuruwan kwal na Harlan akan ba mahaƙi wasu kwabbai da kamfani ya buga, waɗanda ba sa ci sai a kantinsa. Duk wanda aka kora daga aiki, to gidan ma ya bar hannunsa, shi da iyalinsa. Mutumin da aka riƙe wa wuya haka, ina zai sami bakin magana? Duk da haka sun yi. Ranar 5 ga Mayu 1931, a Evarts, wani garin kwal na Harlan, aka yi musayar wuta tsakanin masu yajin aiki da 'yan bindigar masu ramuka, mutum huɗu suka rasu.

Aikin kansa ba na rago ba ne. Mahaƙi kan shiga rami da fitila a goshin hularsa, ya wuni a duƙe inda rufin bai kai tsayuwar mutum ba, ya fito ba abin da ke fari a fuskarsa sai ido. Ƙurar da ruwa ya wanke mai sauƙi ce. Wadda ta shige huhu tana nan, sai bayan shekaru ka ga dattijo ya kasa hawa matakalar gidansa ba tare da ya tsaya neman numfashi ba.

Da injuna suka karɓe aikin hannu, mutane suka watse zuwa biranen arewa. Yau mazauna Lynch ba su kai 1,000 ba, ramin Portal 31 kuma ya zama wurin da baƙi ke zuwa kallo.

A 2019 wani kamfanin kwal mai suna Blackjewel, mai ramuka a Harlan, ya karye da albashin ma'aikata a hannunsa. Mahaƙa suka je suka zauna a kan layin dogo kusa da garin Cumberland, maƙwabcin Lynch, suka tare jirgin da ke ɗauke da kwal ɗin da suka haƙo, kusan wata biyu. Daga baya aka biya su haƙƙinsu.