Yadda Ruwan Kwara Ke Gamuwa da Ruwan Teku

Ruwan gulbin Sakkwato da na Kaduna, da na Gongola wanda ke bi ta Binuwai, duk Kwara ce ke kwashe shi ta kai teku. Na Haɗeja kam Tafkin Cadi ya nufa. Daga Lakwaja Kwara da Binuwai suka zama kogi guda. Kudu da Anacha kuwa sai ya rarrabu rassa barkatai, kowane da bakinsa a teku.

Ruwan kogi ruwan daɗi ne. Na teku kuwa, cikin kowace laba 100 akwai gishiri wajen laba 3 da rabi, saboda haka ya fi nauyi. In suka gamu ba su gaurayuwa nan da nan. Na kogi yakan hau bisa, kamar yadda man gyaɗa ke yi a kan ruwa, na teku kuma ya kurɗa ta ƙarƙashi ya yiwo cikin ƙasa. Mai kwalekwale yana iya ɗiban ruwa mai shayuwa a sama, alhali kamu kaɗan a ƙasa gishiri ne.

Abin da ke gauraya su shi ne cikar teku da janyewarta, sau biyu cikin kwana guda, wanda jan wata ne babban sanadinsa. Wannan kai da komowa ita ke dama su har su zama zartsi. A nan ne taɓon da kogi ya ɗauko ke curewa ya kwanta, itatuwa masu jure gishiri su kafa saiwa, ƙananan kifaye su sami mafaka.

Iyakar zartsin ba ta zama wuri ɗaya. Da damina ambaliya takan kore shi har bakin teku. Da rani, sa'ad da kogi ya ja, sai ya hauro mil da yawa, ya shiga ruwan shan mutanen ƙauyukan bakin rafi. Watau ƙarfin ruwan da ke gangarowa daga Arewa shi ne ke tare gishiri. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ta Bakalori a 1978, da ta Shiroro a 1990, lokacin saukar ruwan nan da yawansa sun rataya har da hannun masu buɗe ƙofofin madatsai, kuma wani kashi na taɓon yana tsayawa a bayansu bai kai teku ba.