Amsoshin Wasiƙunku: Me Ke Sa Babbar Kyanwa Gudu Daga Sabon Gida?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a garin Balan ta ƙaramar hukumar Gaya, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi. Ya ce ɓeraye sun addabe shi a rumbu da ɗakin ajiya, sai wani ɗan'uwansa na wajen Ajingi ya ba shi babbar kyanwa. Sau biyu yana kawo ta, sau biyu tana sulalewa ta koma inda ta fito. Yana tambaya, shin ya haƙura ya nemi 'yar jaririya ya raina da hannunsa, ko akwai dabarar da za ta zaunar da babbar? Ya kuma nemi bayani a kan ƙuma da cin 'yan tsaki.

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Shawararmu ita ce ka riƙe babbar. 'Yar kyanwa ba a raba ta da uwarta sai ta kai kamar mako 8, kuma daga nan sai ta ƙara watanni kafin ta iya farautar kirki. Kafin lokacin ɓera ya gama da dawarka. Babba kuwa ta riga ta koyi sana'arta, kuma halinta a fili yake: mai ba ka ita zai iya gaya maka ko mafarauciya ce, ko kuwa kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi.

Batun gudu kuma, ba ƙinka take yi ba. Ita kyanwa wuri take riƙewa fiye da mutum, saɓanin kare da ke bin ubangidansa duk inda ya nufa. Ta san kowane lungu na tsohon gidanta da ƙanshinsa, domin tana goga kumatunta a bango da ƙofa tana barin alama. In ka sauke ta a tsakar gida ka sake ta, ba ta ga komai nata ba, sai ta kama hanya.

Ga yadda za ka yi. Ɗauko ta a cikin kwando mai murfi ko kwali da aka huda, kada ka cusa ta a buhu. Roƙi tsumman da ta saba kwanciya a kai ka haɗo da shi. In kun iso, sa ta a ɗaki guda mai iska, ka rufe, ta yi mako 2 zuwa 3 ba ta fita. Aje mata ruwa, da abinci safe da yamma, da tsohon kasko cike da yashi a ɗaya kusurwar, nesa da abincin, domin bayan gida. Kwanakin farko za ta ɓuya bayan kaya, wataƙila har ta yi maka gurnani. Ƙyale ta, kuma ka hana yara jawo ta. Mutum ɗaya ya riƙa kai mata abinci a lokaci guda kullum. Ranar da za ka fara buɗe mata, yi haka kafin ta ci abinci, ta ɗan zaga, sannan ka kira ta da kwanon. Wani zai ce ai kulle kyanwa zunubi ne. Abin da malamai ke gargaɗi a kai shi ne a kulle ta a bar ta da yunwa, ba a ba ta ba, ba a kuma sake ta ta nema ba. Wannan kuwa da ci da sha ne.

Amma fa a nan akwai haɗari babba, kuma ya fi shafar ku 'yan hatsi. Kada ka kuskura ka kulle ta a ɗakin da ka sa wa buhuna ƙwayar nan ta kashe ƙwari, wadda ake kira Phostoxin. Ƙwayar tana fitar da iska mai guba da zarar ta sha danshi, kuma iskar na kashe kyanwa, tana kashe kaza, tana kashe mutum in ya kwana a ɗakin ko a na kusa da shi. Haka nan dole ka zaɓi ɗaya, ko kyanwa ko shinkafar ɓera. Wani irin maganin ɓera ba ya kisa nan take. Yana hana jini daskarewa ne, ɓeran ya yi kwanaki yana tangaɗi, ya zama shi ne mafi saukin kamu. Kyanwar da ta yi ta cin irinsu gubar na taruwa a jikinta. Alamarsa ita ce kasala, da dasashi ya yi fari, da jini a hanci ko a kashi. Wannan nau'in yana da makari a wurin likitan dabbobi, wato bitamin K1, in an kai ta da wuri. Sai ka sanar da maƙwabta ma cewa ka yi kyanwa.

Akwai wata magana da ta yaɗu, wai in kana ba kyanwa abinci ba za ta kama ɓera ba. Ba haka ba ne. Farauta a jininta take, ko ta ƙoshi in ta ji motsi sai ta yi kwanton ɓauna, shi ya sa ake mata kirari da mage mai kwanciyar ɗaukar rai. Wadda aka bari da yunwa ita ce ke zama ɓarauniya, ta buɗe tukunya, ta shiga akurki, daga ƙarshe ta koma gidan da ake ba ta. Sai dai tuwo zalla ba ya riƙe ta, domin ita maciyiyar nama ce. A haɗa mata da kan kifi, da kayan cikin kaza da aka dafa, da guntattakin da mahauta ke zubarwa. Miyar da ta sha albasa ko tafarnuwa ba ta dace da ita ba, suna lalata mata jini. Madara ma, manyan kyanwoyi da yawa gudawa take sa su, ruwa mai tsabta ya fi.

Su kuwa 'yan tsaki, maganar gaskiya ba wanda zai ba ka tabbaci. Kyanwar da ta tashi a gidan kaji yawanci ba ta kula su, saboda haka ka tambayi ɗan'uwanka. Ko ma yaya ne, a kife su da kwando tare da uwarsu a makonnin farko, ai dama ana muzuru ana shaho.

Sai ƙuma da tsutsar ciki, kuma tafiyarsu ɗaya. Kyanwa na samun tsutsa daga ɓeran da ta ci da kuma ƙumar da ta haɗiye wajen lasar jiki. In ka ga wani abu fari kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiyarta, to ita ce. Mafarauciya tana bukatar maganin tsutsa kamar kowane wata 3, daga hannun malamin dabbobi, gwargwadon nauyinta. Don Allah kada a yi mata wanka da maganin kaskar shanu, ko na feshin gona, ko fiya-fiya, ko kananzir. Ko maganin ƙuma na kare, in yana da sinadarin famitirin, yana sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Farasitamol kuma, ƙwaya ɗaya tak na iya kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Wanke tsummanta, shanya shi a rana, share ɗakin akai-akai. In ka ga gashi ya zube a zagaye kamar kwabo a kunne ko fuska, mai yiwuwa makero ne, kuma yara na ɗauka. Mace mai ciki kada ta kwashe kashin kyanwa, domin akwai wata ƙwayar cuta a ciki da ke iya taɓa ɗan tayi.

Ba ka faɗa mana shekarunta ba. Duba bakinta: haƙora farare masu kaifi alamar ƙuruciya ce, waɗanda suka yi ja suka dakushe ko suka zube alamar tsufa. Wadda ta haura shekara 10 farautarta ta fara ja baya, kuma in ka ga tana yawan shan ruwa tana ramewa, sau da yawa ƙoda ce. In muzuru aka ba wani, ya san zai yi ta fesa fitsari a jikin buhuna yana yawon dare. Dandaƙa a asibitin dabbobi na rage wannan sosai. Mace kuma cikinta kamar mako 9 ne, tana iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara.

Kada kuma ka ɗora wa kyanwa aikin da ya fi ƙarfinta. Ƙananan ɓeraye take iyawa, gafiya kuwa ba kowace kyanwa ke tunkararta ba. Toshe ramuka, ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, ko da buhun PICS ne mai leda biyu a ciki, wanda aka fara yaɗawa domin wake tun 2007, don in ɓera ya huda shi amfaninsa ya ƙare. In kyanwa ta kawo mushen ɓera, kada a ɗauka da hannu, a sa shebur a binne. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma ya fi tashi da rani, lokacin da rumbu ke cike.

Abu na ƙarshe, ciwon hauka. Ba kare kaɗai ke ɗaukarsa ba, kyanwa ma na kamuwa in mahaukacin kare ya cije ta. Akwai allurar rigakafi, ka tambaya a ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma. In ta ciji wani ko ta yakushe shi har ya yi jini, musamman in halinta ya sauya ko tana dalalar da miyau, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har tsawon minti 15, sannan a tafi babban asibitin Gaya a ranar. Kada a jira a ga alama, domin in alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum babu sauran magani.