Tseren motoci: daga birnin Paris zuwa rairayin Tenere

Mutanen Rumbu, cikin ƙasar Dakwaro a jihar Maraɗi, sun san sukuwar dawaki tun kaka da kakanni, kuma sun san wahalar da mota take sha cikin rairayi. Amma ba kowa ya san cewa tsere ne ya sa mutane suka fara amincewa da mota ba, kuma wani sashe na tarihin nan a ƙasar Nijar ya auku.

Mafarin al'amarin

Ran 22 ga watan Yuli na 1894, wata jaridar Faransa mai suna Le Petit Journal ta shirya gasar kekunan da ba doki yake jan su ba. Motoci 21 suka tashi daga Paris zuwa Rouen, tafiyar kilomita 126. Wadda ta riga isa ita ce ta De Dion, mai aiki da tururi, tana cin kilomita 19 a awa. Duk da haka ba ta samu kyautar farko ba, domin sai da mai hura mata wuta, alhali an sharɗanta mota ta kasance mai sauƙin tuƙi, marar haɗari, marar tsada. Sai aka raba kyautar tsakanin Peugeot da Panhard-Levassor, masu aiki da fetur.

A 1895 Émile Levassor ya tuƙa motarsa daga Paris zuwa Bordeaux ya komo, kusan kilomita 1,200, cikin kwana biyu da 'yan mintoci, ba barcin kirki. Gani ya kori ji: daga nan masu shakka suka yarda cewa injin fetur yana jure doguwar tafiya.

Sauri ya haifi nawa

Motoci suka yi ta ƙara gudu, hanyoyi kuwa suna nan yadda suke, na ƙasa, cike da ƙura da dabbobi. A tseren Paris zuwa Madrid na 1903, direbobi da 'yan kallo da dama suka rasa rayukansu sakamakon haɗurran da suka auku tun ranar farko, cikinsu har da Marcel Renault, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa masana'antar Renault. Gwamnati ta tsai da tseren a Bordeaux. Bayan wannan ne aka koma yin tsere a kewayen da aka killace, kamar babbar gasar da aka yi kusa da Le Mans a 1906.

Motoci cikin Sahara

Masu ƙera motoci suka juyo ga hamada don gwajin ƙarfin injinansu. Motocin Citroën biyar masu sarƙa a ƙafafun baya suka bar Touggourt ta Aljeriya a Disamba 1922, suka isa Tambutu a Janairu 1923. A ƙarshen 1924 wasu takwas suka biyo ta Yamai, Maraɗi, Tasawa da Damagaram, suka nufi tafkin Cadi. A Tasawa, Sarki Barmu ne ya yi musu maraba. Wannan tafiya ba tsere ba ce: nufinta tallar mota da haɗa ƙasashen da Faransa take mulka.

Tseren ya zo daga baya. A 1977 wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓata cikin hamada bisa babur, yana tseren Abijan zuwa Nice. Da aka cece shi, ya shirya nasa. Ran 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Paris, suka ratsa Arlit, Agadas da Yamai. Guda 74 kaɗai suka kai Dakar ran 14 ga Janairu 1979, Cyril Neveu na gaba bisa babur Yamaha.

Riba da hasara

Tseren ya fitar da sunan Agadas da Tenere duniya, ya kawo baƙi, masu jagora da makanikai da maƙera suka samu abin hannu. Amma kuskuren 1903 ya komo, domin ana gudu ne bisa hanyoyin da talakawa suke bi. An banke mutanen ƙauyuka, har da yara, a ƙasashen da ayarin ya ratsa. Sabine da kansa ya mutu a Mali ran 14 ga Janairu 1986, jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi. A 2000 aka kwashi ayarin da jiragen sama daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar hari. A 2008 aka fasa tseren, a 2009 ya ƙaura Amurka ta Kudu, a 2020 ya koma Saudiyya.

Direban da yake ɗaukar mutane da kaya zuwa kasuwannin Dakwaro ya gaji abin da tsere ya gwada: inji mai jure zafi da ƙura. Sai ya tuna da sharaɗin 1894, inda wanda ya riga kowa isa bai samu kyautar ba. Sannu ba ta hana zuwa.