Raunin Na'ura a Wasan Dara

Dara wasa ce ta mutum biyu, wadda ake yi bi da bi. A Birnin Kebbi da Argungu, kamar sauran ƙasar Hausa, akan tona gurabe 30 a ƙasa, layi biyar na shida shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, ɗaya ya riƙe tsakuwa, ɗaya tsinke. Da fari sai a yi ta zuba su ɗaya ɗaya, ba a yarda kowa ya jera uku ba. Bayan an gama zubi gurabe shida kaɗai ke saura, sa'an nan a shiga tafiya. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa guda.

Wannan tsari yana bayyana inda kwamfuta take da rauni. Hanyar da Claude Shannon ya shimfiɗa cikin 1950 domin darar Turawa, watau ces, ita ce na'ura ta lissafta kowace tafiya da amsarta har iyakar ikonta, sa'an nan ta auna wanda ya fi rinjaye. Ma'aunin da ya fi sauƙi kuwa shi ne ƙidayar 'ya'ya.

To, a lokacin zubi ba a cin kome. Duk inda na'ura ta duba, ƙidaya daidai take, saboda haka ba ta da abin da za ta bambanta zubi mai kyau da mummuna. Ga shi kuma zubi huɗu na farko kaɗai suna iya zuwa ta hanya 657,720. Gwanin dara kuwa tun a nan yake kafa dokinsa, watau jerin da ɗa guda zai riƙa kai da komowa yana ci a kowace tafiya.

Rauni na biyu shi ne wanda Hans Berliner ya bayyana cikin 1973. Idan na'ura ta hango hasara a ƙarshen ganinta, takan ba da wani ɗa domin ta jinkirta ta. Da hasarar ta fita daga iyakar lissafi, sai ta ɗauka ta tsira, alhali kuwa ta yi hasara biyu.

Ƙarfin lissafi ya rage wannan aibi ƙwarai. Deep Blue ta ka da Garry Kasparov cikin 1997, AlphaGo kuma ta ka da Lee Sedol a wasan go cikin 2016. Amma duk da haka cikin 2023 wani ɗan wasa wanda bai kai matsayin gwanaye ba ya rinjayi KataGo, ta wajen kewaye 'ya'yanta sannu a hankali ba ta farga ba.

Saboda haka mai nazarin dara ya kamata ya rubuta dabarun zubi daga bakin dattawa, gama a nan ne sanin mutum ya fi wuyar mayarwa lissafi.