Kowane abin sha da ƙoƙonshi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a nan ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi har Tibiri, ƙwaryar hura dabam, ta nono dabam. Masu shan burkutu kuwa ƙoƙo mai hwaɗin baki suke nema, don giyar hatsi ba ta daina tashi. In an toshe ta cikin kwalba, kwalbar tana iya hwashewa. Ƙoƙon da ya sha giya kada ya kusanci nono. Duma yana riƙe wari, makiyayi ya yi asarar tatsarshi.

Abin da ya hi muni shi ne bidon maganin ƙwari da wasu ke wankewa su zuba abin sha. Sabulu ba ya hidda gubar nan. Ku huda bidon, ku kai ma malamin gona.