Makarantar Sakandare Da Girkin Babban Gida

Duk wanda ya tashi a babban gida a ƙasar Kankiya ko Kusada ya san ciyar da iyali aiki uku ne. Akwai hatsin da maigida ke fitarwa daga rumbu. Akwai aikin murhu, daga talge zuwa tuƙi, har tuwo ya nuna babu gudaji. Sannan akwai rabo, inda uwargida ke jera kwanuka ta san na wane ne wannan, wa ya ci, wa bai ci ba, kuma me ya hana shi. In ɗaya daga cikin ukun ya samu tangarɗa, wani a gidan zai kwana da yunwa ko da rumbu cike yake har baka.

Haka makarantar sakandare take. Manhaja ita ce hatsin. Taimakon da ake ba ɗalibi har ya fahimci darasi shi ne aikin murhu. Kula da halin da yaro ke ciki, lafiyarsa da tarbiyyarsa da abin da ke damun zuciyarsa, shi ne rabo. Mun fi yawan magana a kan na farko, domin shi gwamnati ke shela a rediyo. Sauran biyun kuwa, waɗanda a kansu yaro ke ƙoshi ko ya rame, an bar su ga imanin malami ɗaya ko biyu a kowace makaranta.

Hatsin makarantunmu daga rumbu ɗaya yake fitowa. Hukumar NERDC ta tarayya ce ke tsara manhaja, kuma abin da aka rubuta wa ɗan Legas shi aka rubuta wa ɗan Rimaye da 'yar Mawashi. An sha sauya ma'auni. A 1982 aka fara tsarin 6-3-3-4, wanda ya raba sakandare gida biyu, ƙarama da babba, shekara uku-uku. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa ta biyo baya a 2004, ta mai da karatun shekara tara na farko kyauta kuma dole. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sabuwar manhaja da ta rage yawan darussa, ta kuma ware sana'o'i irin su haɗa wutar sola, ɗinki, kiwo da gyaran waya. Wannan daidaito na manhaja ɗaya ga kowa abin so ne. Takardar WAEC da ta NECO ɗaya ce a ko'ina, kuma ba mai son a auna wa ɗansa hatsi da ƙaramar tiya don kawai an haife shi a karkara.

Sai dai ba a cin dawa yadda ta fito daga rumbu. Sai an surfa, an wanke, an niƙa, an tankaɗe. Wannan shi ne aikin malami kafin ya shiga aji. Malamin lissafi da zai koyar da kaso cikin ɗari yana da misali a kowane gida: zakkar hatsin damina ɗaya cikin goma ce, wadda aka sha wahalar ban ruwa kuma ɗaya cikin ashirin, ga kashi 10 da kashi 5 ke nan. Malamin ilimin halittu da zai yi bayanin tsiron da ke rayuwa a jikin wani, ƙuduji na nan a gonakin dawa yana tsotse saiwa, kowane yaro ya taɓa cire shi da hannunsa. Dalilin da ya sa manomi ke haɗa wake ko gyaɗa da gero, da abin da kanwa ke yi a tukunya, duk kimiyya ce da ke cikin littafi. Yaron da aka fara masa daga abin da ya sani yakan karɓi baƙon abu ba tare da tsoro ba. Darasin sana'a kuma yana bukatar kayan aiki. In an rubuta ɗinki a jadawali amma babu keke, an rubuta sola babu ko faranti ɗaya da za a kwance a gani, to an ba uwargida sunan hatsi ne, ba a ba ta hatsi ba.

Kowace mace ta san sirrin tuwo yana wajen talge. In aka yi gaggawa aka antaya gari cikin ruwa, talge bai nuna ba, gudaji za su cika tukunya. Gudaji kuma mayaudari ne: bayansa ya yi kama da dafaffen tuwo, cikinsa ɗanyen gari. Akwai yara irin gudajin nan a kusan kowane ajin sakandare. Littafinsu cike yake da rubutu mai kyau, domin sun iya kwafa daga allo. In malami ya ce a maimaita, muryarsu ta fi ta kowa. Amma a keɓe yaro a miƙa masa shafi ɗaya ya karanta ya faɗi abin da ya gane, sai ido ya raina fata. Talgensa, wato karatu da rubutu da lissafin firamare, bai nuna ba, ga shi kuma an shigo inda komai da Turanci ake yi. Kowace shekara ana ciyar da shi gaba, ana ƙara masa gari a kan gari, har ya kai ajin ƙarshe. A nan ne zai tarar ana neman kiredit biyar, har da Turanci, kafin a shiga jami'a. Satar amsa da muke kuka da ita sau da yawa daga nan take tsirowa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganin gudaji sananne ne: a gano shi da wuri, a danne shi da muciya tun tukunya na kan wuta. A makonnin farko na aji ɗaya, kamata ya yi a zauna da kowane ɗalibi, shi kaɗai, na 'yan mintoci. Ya karanta haruffa, ya karanta kalmomi, ya karanta ɗan labari, da Hausa da kuma Turanci, ya yi ɗebewa da rabawa. Daga nan a raba yara rukuni-rukuni bisa inda kowa ya tsaya, a ware sa'a ɗaya kullum don wannan aiki har zango ya ƙare. Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta daɗe tana koyar da yara bisa matakin da suka kai maimakon ajin da suke, kuma masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, suna cikin waɗanda suka auna ta suka ga tana aiki. An gwada ta a Jihar Borno. Mu ma mun san asalinta a makarantar allo, inda kowane almajiri ke da allonsa, ba a wanke masa sai ya biya ya iya.

Wani lokaci abin da ke tsakanin yaro da darasi ƙarami ne ƙwarai. Wani ba ya ganin allo daga bayan aji, kuma bai taɓa sanin sauran suna gani ba. Wata kunnenta ɗaya ba ya ji sosai, ana ta ce mata daƙiƙiya. Wani yana da in'ina, ya gwammace a doke shi da ya buɗe baki a yi masa dariya. Sauya wurin zama, gwajin ido a asibiti, ko bayani na minti biyu da Hausa kafin a koma Turanci, na iya dawo da yaron da aka riga aka fitar da rai a kansa. Kada kuma a manta da masu saurin fahimta. Tukunyar da ba a juyawa, ƙasanta ke ƙonewa samanta na ɗanye. Yaro mai kaifin basira da aka bari yana jiran sauran aji shekara uku yakan gundura, ƙarshe ya zama shi ne shugaban masu tsallake katanga. A ba shi littafi na gaba, a sa shi ya taimaki na baya.

Duk wannan yana bukatar hannu. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibi 40 a babbar sakandare. Inda aji ya ninka haka, ko uwargida mafi ƙwarewa ba za ta tuƙa tukunyar biki ita kaɗai ba. Ɗaukar isassun malamai, musamman na Turanci da lissafi da kimiyya, da tura su makarantun ƙauye su zauna, nauyi ne da ke wuyan gwamnatin jiha, babu wanda zai ɗauke mata.

Sai rabo, wanda a ganina shi aka fi sakaci da shi. Uwargida ta gari ba ta tsayawa a kan cewa ta dafa. In kwano ya dawo ba a taɓa ba, sai ta bi sawu: zazzaɓi ne, ko an yi faɗa ne, ko yaron ya fara cin abinci a wani wuri da bai kamata ba? Mai barci a ajiye masa nasa, marar lafiya a dama masa kunu. A makaranta, rajistar kiran suna ita ce jerin kwanukan. Ana kira kowace safiya, ana sa alama, amma sau nawa ake bin sawun wanda ya ɓace mako guda? Dalilan kuwa a fili suke. Da damina akwai noma, ranar kasuwa akwai talla. Akwai mai tahowa daga nesa a ƙasa ko a keke ba tare da ya karya kumallo ba, kafin ƙarfe goma kansa na kan tebur. Akwai yarinyar da ke zama gida duk wata saboda babu bayi mai ƙofa da ruwa, ba ta kuma da audugar mata. Akwai wadda aka fara maganar aurenta a gida, tana son ta kammala karatu, ba ta san wa za ta gaya wa ba. Akwai ƙananan da manyan ɗalibai ke zalunta. Akwai shaye-shaye, wanda ya yi ƙamarin da gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018.

Akwai kuma tsoro. Daren 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana. An sako yaran bayan kwana shida, amma labarin ya zauna a zukatan iyaye da 'ya'ya a faɗin jihar Katsina. Yaron da ya kwana yana sauraron ƙarar babur, ko wanda danginsa suka yi gudun hijira suka cika gidansu, ba zai zauna a aji kamar kowa ba. Bulala ba ta warkar da wannan. Abin da yake bukata shi ne babba guda da ya san sunansa, ya san gidansu, wanda zai iya gaya wa damuwarsa ba tare da ya ji ta a bakin 'yan aji washegari ba.

Saboda haka kowace makaranta na bukatar malamin ba da shawara na gaske, wanda ba a cika masa jadawali da darussa ba, da malama mace da 'yan mata za su iya tunkara. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 kuma Katsina na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga, ya taɓo wannan ɓangare: gyaran azuzuwa da bayi, tallafin kuɗi ga 'yan mata daga gidaje marasa ƙarfi, da zama na musamman inda ake koya musu dabarun rayuwa. Shiri irin wannan yana da wa'adi. Abin da zai dawwama shi ne ɗabi'ar da malamai da iyaye suka ɗauka suka riƙe.

Shawara kan zaɓen darussa ma rabo ce. A ƙarshen ƙaramar sakandare ake raba yara tsakanin kimiyya da fasahar zamantakewa da kasuwanci, sau da yawa bisa bin aboki. Ga makarantar koyon aikin lafiya a cikin garin Kankiya, ga Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. 'Yar Yashe ko Kafin Soli da ke burin zama ma'aikaciyar lafiya ya kamata ta san tun tana aji uku cewa sai da darussan kimiyya za ta shiga, ta kuma san inda take da rauni tun da sauran lokacin gyara.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shugabannin makarantu, ku gwada kowane sabon ɗalibi a watan farko, ku ware sa'ar gyara, ku ɗora wa kowane malamin aji alhakin bin sawun duk wanda ya yi kwana uku bai zo ba. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da masu hannu da shuni na Kankiya da Kusada, kafin ku sake fentin ƙofar makaranta ku tambaya ko akwai ruwa a bayin 'yan mata, ko akwai yaran da tabarau kawai suke bukata. Limamai da masu unguwanni, ku sa baki idan aka cire yaro daga aji ba da dalili ba. Iyaye kuma, biyan kuɗin jarrabawa bai sauke muku nauyi ba. Yau da dare, bayan an ci tuwo, ka kira ɗanka ko 'yarka, ka sa ya karanta maka shafi ɗaya ya faɗa maka ma'anarsa da Hausa. In ya iya, ka sa masa albarka. In ya kasa, kada ka doke shi. Gobe da safe ka raka shi makaranta ka nemi malamin ajinsu.