Sanin Ƙirar Ƙasusuwan Hannu Kafin Auna Karkacewar Karaya

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa ba a iya auna karkacewar ƙashin da ya karye sai an san yadda lafiyayyensa yake fitowa a hoton eksire. Tun 1895, lokacin da Rontgen ya ɗauki hoton hannun matarsa a Jamus, wannan hoto ya zama idon likita.

Hannun mutum ƙasusuwa 27 gare shi: 8 a wuyan hannu, 5 a tafi, 14 a yatsu. Kowane ƙashin tafi yana da gindi, da ganga, da wuya, da kai. Abin lura shi ne ba a miƙe yake sak ba. In aka ɗauke shi daga gefe, za a ga wuyansa ya ɗan sunkuya wajen tafi da kimanin digiri 15. Saboda haka idan ma'auni ya nuna digiri 45, ainihin karkacewar ba ta wuce 30 ba. Wanda bai ɗebe wannan ba yana iya tura majiyyaci tiyata ba gaira ba dalili.

Hotuna uku ake bukata: na gaba, da na gefe, da na jirge. A na gefe ake awo, domin na jirge yakan ruɗi mai aunawa.

Bugu da ƙari, yatsu ba ɗaya suke ba. Ƙasusuwan tafi na manuniya da na tsakiya kafaffu ne a gindinsu, don haka ba a barin wuyansu ya karkace fiye da digiri 10 zuwa 15. Na ƙaramin yatsa kuwa, wanda naushi ya fi karyawa, gindinsa yana motsi, har yakan jure digiri 40 ko fiye, hannu bai nakasa ba.

A yara kuma akwai layin guringuntsin girma, mai kama da tsaga. Yana kusa da kan ƙashi a huɗu daga ƙasusuwan tafi, amma a na babban yatsa yana gindi. In shakka ta shiga, sai a ɗauki ɗaya hannun a kwatanta.

Daga ƙarshe, murɗewar ƙashi ba ta cika bayyana a hoto ba. Wajibi ne a sa majiyyaci ya dunƙule hannu; in wani yatsa ya hau kan ɗan'uwansa, to gyara ya zama tilas, komai ƙanƙantar karkacewar.